Daga Filin Jirgin Sama Zuwa Bakin Jirgin Ruwa a Miami: Bayani Ga Samarinmu Masu Tafiya Aiki Da Iyayen Da Ke Sallamar Su



Aikin manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa ya shiga bakin samari a Nima, Mamobi, Madina, Ashaiman da zangunan Kumasi. Wani yana neman aikin kicin, wani gyaran ɗaki, wani wanki da guga, wani gadi. Tambayoyin da ake yi mana kusan duka a kan biza suke tsayawa, kamar dai da an buga ta a fasfo an isa. Amma tsakanin saukar jirgin sama da taka matakalar jirgin ruwa akwai 'yar tafiya wadda ba ta fi kilomita 13 ba a Miami, kuma a cikinta mutum zai iya rasa aikin da ya yi shekara yana nema. Jirgin ruwa mai fasinja dubbai ba tirotiro ba ne da za a buga masa gefe ya tsaya. Mun zaɓi Miami, a jihar Florida ta Amurka, domin tana cikin tashoshin irin waɗannan jirage mafi girma a duniya, kuma wanda ya gane tsarinta zai gane na sauran.

Mu fara da takardu, domin su ne mota ta farko. Ma'aikacin jirgin ruwa yana shiga Amurka da biza mai suna C1/D. Harafin C na wucewa ne, wato ka sauka a filin jirgi ka wuce zuwa jirginka. Harafin D kuma na ma'aikacin jirgi ne. Tare da ita akwai takardar ɗaukar aiki daga kamfani, wadda ke ɗauke da sunan jirgin, ranar shiga, tashar da yake, da lambar wanda za a kira idan an sami matsala. Sai takardar lafiya, katin allurar shawara, littafin ma'aikacin ruwa, da shaidar horon STCW, irin wanda ake yi a Jami'ar Harkokin Ruwa da ke Nungua. Duk waɗannan a jakar hannu za su kasance, a jikinka. Akwati yana iya ɓata ko ya makara kwana biyu, kuma kamfani zai iya ɗaukar ka ba akwati, amma ba zai ɗauke ka ba takarda ba. Ka ɗauki hotonsu a waya, ka kuma bar kwafi a gida wurin wanda ya iya karatu. Lambar kamfani kuwa ka rubuta ta da biro a takarda, saboda waya tana mutuwa.

Ga iyaye, magana ɗaya kafin a sayar da fili ko a karɓi adashi. Yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan ruwa ta 2006, wadda Gana ta amince da ita, ta hana a karɓi kuɗi daga hannun ma'aikaci don a samo masa aiki. Abin da aka yarda ya biya shi ne fasfo, littafin ma'aikacin ruwa da takardar lafiya ta ƙasa, kuɗin biza ma a wuyan mai jirgi yake. Hukumar Harkokin Ruwa ta Gana ce ke ba kamfanonin ɗaukar ma'aikata lasisi. Saboda haka ɗan koneshin da ya ce a kawo dubban sidi ya saka yaro a jirgi, a tambaye shi lasisinsa. A ganinmu, idan ya fara kame-kame, an riga an sami amsa.

Kada a yi wasa da karanta rana. Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana. Idan ka ga 03/04, su suna nufin 4 ga Maris, mu kuma idonmu zai karanta 3 ga Afrilu. Wata guda cur ke tsakani. Haka ma agogo: Miami tana bayan Ankara da awa 4 a lokacin zafinsu, awa 5 a lokacin sanyi. Idan ka sauka, ka tabbata wayarka ta juya zuwa agogon wurin kafin ka saita ƙararrawar farkawa.

Tafiyar sama daga Kotoka ba ta kai ka Miami kai tsaye. Ko dai ka bi ta New York da Delta, tafiyar wajen awa 11, ko ta Washington da United, ko kuma ta Turai ko Gabas ta Tsakiya. Daga New York zuwa Miami wasu awa 3 ne. Abin da ke rikita sabon matafiyi shi ne wannan: a filin jirgin farko da ka taka a Amurka ake yin binciken shige da fice da na kwastan, ba a na ƙarshe ba. Idan ta New York ka shiga, a nan za ka tsaya gaban jami'i, a nan za ka ɗauki akwatinka da hannunka, ka wuce kwastan, ka sake miƙa shi a wurin da aka tanada don masu ci gaba da tafiya, sannan ka sake bin binciken tsaro. Ko da an rubuta MIA a jikin akwatin tun daga Ankara, sai ka ɗauke shi. Wanda ya wuce abinsa yana cewa ai kaya za su bi shi, zai isa Miami da rigar jikinsa.

A gaban jami'in, amsa ta zama gajera kuma gaskiya: sunan jirgin, sunan kamfanin, aikin da za ka yi, ranar shiga. Ka haddace su tun daga gida. Sau da yawa ana kai masu bizar C1/D wani ɗaki na biyu a zaunar da su har a tabbatar da sunansu daga kamfani. Wannan ba kamu ba ne, kuma ba alamar ka yi laifi ba ce. Ka zauna, ka ajiye waya a aljihu domin ba a son amfani da ita a ɗakin, ka jira a kira ka. Illarsa kawai yana cin lokaci, wani sa'in har jirgi na biyu ya tashi ya bar ka. Idan haka ta faru, ka je teburin kamfanin jirgin sama su saka ka a na gaba, sannan nan take ka kira lambar da ke takardarka ka faɗi sabon lokacin isowarka. Kamfani ya saba da irin wannan. Abin da ba ya jurewa shi ne shiru.

Yanzu maganar da muka san za ta taɓa zuciyar iyayenmu mata, wato guzuri da saƙo. Nama ba ya shiga Amurka daga wajenmu, ko kilishi ne ko dambu ko soyayye. 'Ya'yan itace ɗanye ma haka. Sauran abinci kamar gari, shito, yaji ko goro, doka ita ce ka bayyana shi, jami'i ya duba ya ce wannan ya wuce, wannan a zubar. Wanda ya bayyana aka ƙwace, abincinsa kawai ya rasa. Wanda ya ɓoye aka gano, tara ce, kuma sunansa ya shiga kwamfuta a ranarsa ta farko. Kuɗi idan sun haura dala 10,000 su ma sai an bayyana, ko da yake wannan ba damuwar yawancinmu ba ce. Magani kuma ya kasance cikin kwalinsa tare da takardar likita. Taramol da ire-irensa, da garin magani na gargajiya da aka ƙulle a leda ba suna, a bar su a gida. Kamfanonin jiragen suna gwajin ƙwaya, kuma kora ce kai tsaye.

Saƙo kuwa ya fi guzuri haɗari. Mun san al'adarmu: da an ji yaro zai tafi Amurka, sai a fara kawo ƙunshi, wannan na ɗan'uwa a Bronx, wancan na ƙanwa a Ohio. Na farko, yaron ba Bronx za shi ba, awa biyu ko uku zai yi a filin jirgi ya wuce. Na biyu, duk abin da aka samu a akwatinsa nasa ne a idon doka, ba a tambayar wa ya ba shi. Muna roƙon dattawa su taimaka wa yara a nan, domin saurayi ba zai iya kallon idon gwaggonsa ya ce a'a ba. Idan uba ko kawu ya ce ba a ba yaron nan saƙo, magana ta ƙare ba tare da an ɓata zumunci ba.

To, an iso Florida. A nan sai an kula, domin tashoshi uku ne manya, kuma mutanenmu duk Miami suke kiransu. Akwai PortMiami, wadda ke kan tsibirin Dodge a gaban tsakiyar birnin, kusa da filin jirgin MIA. Akwai Port Everglades a garin Fort Lauderdale, wadda ke dab da filin jirgin FLL, tafiyar minti 10 a mota. Sai Port Canaveral can arewa, wadda filin jirgin da ake sauka dominta shi ne na Orlando, MCO, kimanin kilomita 70 tsakaninsu. Kamfani ɗaya yana iya samun jirage a duka ukun. Daga filin FLL zuwa PortMiami wajen kilomita 45 ne, abu mai yiwuwa. Amma daga Miami zuwa Port Canaveral ya wuce kilomita 300, ya fi Ankara zuwa Kumasi nisa. Don haka tun a gida ka ɗora tikiti kusa da takardar aiki ka duba: filin da zan sauka ya dace da tashar da jirgin yake? Idan ba su dace ba, ka tambayi kamfani kafin ka bar Kotoka. Wani lokaci da gangan ne, akwai motar da za ta kwashe ku, amma gara ka ji daga bakinsu.

Tsarin da aka fi yi wa ma'aikata shi ne a kawo ka kwana ɗaya kafin ranar shiga, a sauke ka a otal da kuɗin kamfani, washegari da sassafe mota ta kwashe ku zuwa tasha. Takardarka za ta faɗi ko wani zai tare ka da allo, ko kuma za ka hau motar otal ɗin da kanka, da ƙofar da za ka tsaya. Ka bi abin da aka rubuta. Akwai intanet kyauta a filin jirgin, saboda haka WhatsApp zai yi aiki ko layinka na gida bai kama ba. Mutumin da ya tare ka a cikin zaure yana cewa taksi, taksi, yana miƙa hannu ga akwatinka, ka wuce shi. Taksi na ƙa'ida suna layi a waje a wurin da aka rubuta, da mita a ciki.

Idan ya zama dole ka kai kanka, taksi ko Uber ko Lyft ne hanya mafi sauƙi. Nisan kusan kamar daga Nima zuwa Madina ne, minti 20 zuwa 30 idan hanya ta yi kyau. Motoci suna bi ta hanyar ƙarƙashin ruwa da aka buɗe a 2014, wadda ke fitowa kai tsaye cikin tashar ba tare da an ratsa cunkoson tsakiyar gari ba, kuma ba a biyan kuɗin wucewa ta cikinta. Sai dai Uber na can ba irin na Ankara ba ne da za ka miƙa wa direba kuɗi a hannu, galibi da katin banki yake aiki. Momo ba ta da amfani a can, sidi ma ba mai karɓa. Ka canza dala tun a gida, ƙananan takardu na 1, 5, 10 da 20, domin direban taksi da ɗan dako suna sa ran ɗan ihsani a kan kuɗin aiki, wanda ga direba yakan kai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Ba roƙo ba ne, haka tsarinsu yake.

Akwai jirgin ƙasa, kuma ya fi araha. Ƙaramin jirgi na kyauta mai suna MIA Mover yana kai ka tashar jiragen ƙasa ta filin, daga nan layin lemo na Metrorail ya kai ka Government Center a tsakiyar gari. Amma bai shiga tashar jiragen ruwa ba, sai ka sake neman mota ka haye tsibirin. Ga wanda ya kwana a sama, yana jan akwati biyu, bai san gari ba, mu dai ba mu ga ribar wannan tsimi ba. A bar shi sai an saba.

Faɗa wa direba PortMiami kawai bai isa ba. Tashar doguwa ce, kuma kowace rumfar shiga da harafinta. Royal Caribbean na amfani da A, Norwegian da B, Carnival da D, E da F, Virgin Voyages da V, MSC kuma ta buɗe tata sabuwa mai suna AA a 2025. Ka lura A da AA ba ɗaya ba ne. A ranakun Asabar da Lahadi jirage da yawa ne ke jere a lokaci guda, kowanne kamar unguwa. Icon of the Seas, wanda ya fara tashi daga Miami a Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata 2,350. Ka faɗi sunan jirgin da harafin rumfar, kuma akwai alluna masu haske a kan hanya da ke nuna inda kowane jirgi yake a ranar. Idan ka sauka, ka gaya wa jami'in tsaro cewa kai sabon ma'aikaci ne, domin ƙofarku daban take da ta fasinja, kuma za a duba sunanka a jerin waɗanda ake jira.

Jiragen nan suna shigowa da asuba, su sauke dubban mutane, su ɗauki wasu dubban, su tashi da yamma, yawanci tsakanin ƙarfe 4 da 5. Ana rufe shiga tun awa ɗaya ko fiye kafin tashi, saboda sai an miƙa wa hukuma sunayen duk wanda ke ciki. Ma'aikaci kuma tun da safe ake son sa. Idan an ce motar otal za ta tashi ƙarfe 6, ka sauko da kayanka ƙarfe 5 da rabi. Lokacin biki na Zango, inda ake cewa bayan Azahar a fara bayan La'asar, a bar shi a Kotoka. Wani ƙaramin abu da ke kayar da mutane shi ne caja: soket ɗin Amurka mai baki biyu ne siriri, namu mai ƙafa uku ba ya shiga. Ka sayi mahaɗi a Circle ko Kejetia kafin ka tafi, ka kuma sa batirin ajiya a jakar hannu, domin ba a yarda da shi a akwatin da ke shiga ƙarƙashin jirgin sama ba.

Akwai kuma daren otal, wanda a ganinmu shi ne wuri mafi haɗari a duk tafiyar, ba don ɓarayi ba, sai don waya. A daren nan ne aboki zai kira daga wata jiha ya ce kai, ka riga ka shigo, me za ka yi da wanke kwano a teku, hau mota ka taho. Ya kamata kowane saurayi da kowane uba su san abin da doka ta ce. Bizar C1/D ba ta ba ka izinin aiki a tudu ba, kuma zaman wucewa ba ya haura kwana 29. Idan ba ka bayyana a jirgi ba, kamfani zai sanar da hukuma. Wanda ya zauna ba izini sama da kwana 180 sannan ya fita, an hana shi dawowa shekara 3, idan ya kai shekara guda kuma, shekara 10. Abin da abokin ba zai gaya maka ba shi ne, wanda ya shiga a matsayin ma'aikacin jirgi, doka ta hana shi juya takardunsa zuwa katin zama na dindindin daga cikin ƙasar, ko da ya auri 'yar ƙasa. Wato hanyar da wasu suka bi da bizar ziyara, a rufe take gare shi. Bayan haka, duk wanda ya gudu yana ƙara wa na bayansa wahala a ofishin jakadanci, kuma na bayan nan ƙannenmu ne.

Ga iyayen da 'ya'yansu na waje suka gayyata yawon jirgin a matsayin fasinja, hanyar ɗaya ce, bambancin kaɗan ne. Bizarku ta ziyara ce, kuma ta zama mai shiga sau da yawa, domin jirgin zai fita zuwa Bahamas ko Meziko ko Jamaika ya dawo, dawowar kuma sabuwar shiga ce. A duba ko ƙasashen da zai tsaya suna neman biza daga mai fasfon Gana, kuma fasfon ya kasance da sauran wata 6 aƙalla. Ku iso kwana ɗaya kafin ranar tashi, ko biyu ma. Daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwa ne a Florida, a lokacin sanyi kuma ƙanƙara na tsayar da jirage a New York, kuma wanda ya makara da tikitin da ya saya da kansa, shi zai bi jirgin zuwa tasha ta gaba da kuɗinsa. Wanda tafiya ke yi wa wuya, a nemar masa keken guragu tun lokacin sayen tikiti, kyauta ne, kuma mai tura shi ya san duk lungunan filin. A bakin rumfa 'yan dako za su karɓi manyan akwatuna masu ɗauke da lambar ɗaki, ba za ku sake ganinsu ba sai yamma, don haka fasfo, magani da tabarau su zauna a hannu. Dutsen guga da tukunyar dafa ruwa ta lantarki ba sa shiga jirgi saboda gobara. Butar alwala ta roba ba mai hana ta. Masu bi ta New York, akwai masallaci a Tasha ta 4 ta filin JFK, alƙibla kuma daga Miami arewa maso gabas take.

Idan ma'aikaci ya tsinci kansa a yashe, ba wanda ya zo ɗaukarsa kuma lambar kamfani ba ta shiga, kada ya bar filin jirgin ya shiga gari neman taimako. Ya je teburin bayani, ya nuna takardar aikinsa, ya roƙi a kira masa. Akwai kuma SeafarerHelp, layin taimako na ƙungiyar ISWAN, kyauta ne dare da rana ga ma'aikatan ruwa na kowace ƙasa, kuma ana samunsu ta intanet. A nemi lambarsu a ajiye tun kafin tafiya. Lambar gaggawa ta 'yan sanda da asibiti a Amurka ita ce 911.

Da ka taka cikin jirgi za a karɓi takardunka, a ba ka katin shaida da ɗaki, a kai ku bayanin tsaro, kuma yawanci a ranar za ka fara aiki. Kafin ka hau matakala, ka aika saƙo gida cewa ka iso, domin da jirgi ya bar gaɓa layin waya zai yanke, intanet na ciki kuma sai ka koyi yadda ake shiga. Duk wanda takardar aikinsa ta zo, ya kawo ta mu zauna mu karanta tare da tikitin kafin ranar tafiya, ya zo da mahaifi ko wani babba na gida.